Ra'ayinmu: Yaron Da Ya Ga Tashin Hankali, A Bar Shi Ya Yi Wasa

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk malamin da ke koyarwa a makarantunmu na Islamiyya, musamman a garuruwan da 'yan gudun hijira suka sauka, ya san irin yaron da za mu yi magana a kansa a wannan wata. Shi ne yaron nan da ke zama a ƙarshen aji, ba ya magana, ba ya dariya, kuma harda ba ta zama a kansa. Idan babur ya wuce da ƙara sai ya zabura ya nemi maɓoya. A gida kuma ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, yana firgita cikin barci, ko kuwa ya zama mai yawan faɗa da cizo da ɓarna ba gaira ba dalili. Iyaye su ce ya lalace, malami ya ce daƙiƙi ne, maƙwabta su ce iska ce ta taɓa shi. Da wuya a sami wanda zai tsaya ya tambayi abin da idanun wannan yaro suka gani.

Abin da suka gani kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun daga shekarar 2009 rikicin Boko Haram ya raba miliyoyin mutane da gidajensu a Borno da Yobe da Adamawa da Diffa da arewacin Kamaru. Bayansa ɓarayin daji suka mamaye Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, har dubban iyalai suka tsallaka zuwa Maraɗi. An sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara cikin watan Disamba na 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairu na 2021, da yaran Kuriga cikin Maris na 2024. Wanda ya fi kusa da mu kuwa shi ne na Tegina a jihar Neja, inda a ƙarshen watan Mayu na 2021 aka kwashe ɗaliban wata makarantar Islamiyya sama da 100, cikinsu har da ƙanana 'yan shekara biyar da shida, suka yi kusan wata uku a daji, kuma ba duka ne suka dawo da rai ba. A duk lokacin da aka sako irin waɗannan yara, sai a kai su gidan gwamnati, a ɗauki hotuna, likita ya duba jikinsu, a miƙa su ga iyayensu, mu kuma mu yi hamdala mu watse. To amma raunin da ke cikin zuciya fa, wa ke dubawa?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, magungunan da muka saba kai wa irin wannan yaro guda uku ne. Na farko bulala, wadda ba ta ƙara wa mai tsoro komai sai tsoro. Na biyu boka da ɗan tsibbu, waɗanda za su cinye kuɗin iyaye, su ɗora laifin a kan kishiya ko tsohuwar maƙwabciya, su jefa gida cikin shirka da gaba. Na uku gidan mari, kuma ba mu manta ba da ɗaruruwan yara da manya da 'yan sanda suka fitar daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina cikin shekarar 2019, wasu da sarƙa a ƙafafunsu. Wannan ƙungiya ta daɗe tana yaƙi da bokanci da camfe-camfe, kuma ba za ta daina ba, in sha Allahu. Sai dai wanda ya hana mutane shan ruwan kududdufi, wajibi ne a kansa ya nuna musu rijiya. Saboda haka ne muka ga ya dace mu jawo hankalin 'yan'uwa zuwa ga wata hanya da masana lafiyar ƙwaƙwalwar yara suka yi kusan shekara 100 suna aiki da ita, wato jinyar yaro ta hanyar wasa.

Tushen wannan hanya abu ne da kowace uwa ta sani. Babban mutum idan baƙin ciki ya same shi yakan sami aboki ya amayar da abin da ke cikinsa. Yaro ɗan shekara biyar ko takwas kuwa ba shi da kalmomin da zai ce yana tsoron mutuwa, ko yana ganin laifinsa ne aka kashe mahaifinsa. Harshen da ya iya shi ne wasa. A cikin 'yartsana da yumɓu da motar kara yake faɗin abin da bakinsa ya kasa faɗa. Kuma a cikin wasa shi ne mai iko: shi ke tsayar da motar, shi ke korar ɓarayin, shi ke mayar da jaririn wurin uwarsa. Abin da ya auka masa da ƙarfi yana ji yana gani, sai ya riƙa maimaita shi kaɗan-kaɗan a hannunsa har tsoron ya fara sakinsa.

Masana a Turai sun fara amfani da wasa wajen jinyar yara tun cikin shekarun 1920. A 1929 wata likitar yara a Landan, Margaret Lowenfeld, ta shigo da faranti mai yashi da ƙananan kayan wasa domin yaro ya gina duniyarsa a ciki. A 1947 Virginia Axline ta Amurka ta shimfiɗa ƙa'idojin da akasarin masu wannan aiki ke bi har yau, inda yaro ne ke jan ragamar wasan, babba yana biye. A cikin shekarun 1960 kuma Bernard Guerney da matarsa Louise suka fara koya wa iyaye su yi wannan zama da 'ya'yansu da kansu. Wani abin da ya faru a garin Chowchilla na jihar Kaliforniya kuwa ya shafe mu kai tsaye. A watan Yuli na 1976 wasu mutane suka sace yara 26 da direbansu daga motar makaranta, suka rufe su cikin akwatin wata babbar mota da aka binne a ƙasa, suka yi kimanin awa 16 a ciki kafin su tono hanya su fito. Da aka duba jikinsu sai aka ce lafiyarsu ƙalau. Amma likitar ƙwaƙwalwar yara Lenore Terr, wadda ta bi sawunsu shekara da shekaru, ta tarar babu ko ɗaya daga cikinsu da ya tsira daga illar abin, kuma ta ga yadda wasunsu ke ta maimaita satar a cikin wasanninsu. Idan wannan ne halin waɗanda suka yi kwana guda a hannun ɓarayi, to ina ga waɗanda suka yi wata uku?

Yadda ake gudanar da jinyar ba shi da wuyar fahimta. Ana keɓe lokaci guda a kowane mako, minti 30 zuwa 50, a wuri guda da yaro ya saba da shi, a ajiye masa kayan wasa iri-iri: 'yartsanar uwa da uba da jariri, tukwane, motoci, dabbobi, yashi, takarda da abin zane, har da bindigar wasa. Babba yakan zauna daidai da yaron a ƙasa. Ba ya yi masa wa'azi, ba ya tsare shi da tambayoyi, ba ya gyara masa wasan. Aikinsa ya lura, ya kuma ambata wa yaron abin da ya gani, kamar ya ce, "Na ga wannan ƙaramin ya ɓuya, tsoro ya kama shi." Da haka yaro ke sanin an fahimce shi, kuma yana koyon sunan abin da yake ji. Ba a kuma sakin yaro sakaka. Idan ya ɗaga hannu zai yi duka, sai a ce masa an ga yana fushi, amma ba a dukan mutum, ga matashi nan ya daka. An fi yin wannan jinya ga yara masu shekara 3 zuwa 12.

To, shin tana aiki? Addininmu ya hana mu faɗin abin da ba mu da ilminsa, saboda haka ga abin da bincike ya nuna, daɗinsa da ɗacinsa. A 2005 Sue Bratton da abokan aikinta a Jami'ar Arewacin Texas sun tattara bincike 93 da aka gudanar tsakanin 1953 da 2000. Sakamakon ya nuna cewa matsakaicin yaron da aka yi wa wannan jinya ya fi kusan 8 cikin 10 na yaran da ba a yi wa ba samun sauƙi. A 2015 aka sake tattara bincike 52 na baya-bayan nan da awo mai tsauri, sai amfanin ya sauko zuwa matsakaici, kusan 7 cikin 10. An ga sauƙi a wajen tsoro da damuwa da faɗace-faɗace da dangantakar yaro da iyayensa. Abin da ya fi jan hankalinmu kuwa shi ne, sakamakon ya fi ƙarfi ƙwarai idan iyaye ne aka horar suka yi zaman da kansu. Akwai tsarin horon da ba ya wuce zama 10, inda uwa ko uba ke ba yaro minti 30 sau ɗaya a mako.

Ɗacin kuma shi ne, da yawa daga cikin binciken nan an yi su ne da yara kaɗan, kuma akasarinsu a Amurka. Ga yaron da raunin zuciyarsa ya yi tsanani, masana sun fi samun hujja mai ƙarfi a kan wata jinyar ta daban, wadda ƙwararre ke bi da yaro mataki-mataki har ya iya ba da labarin abin da ya same shi ba tare da firgita ba, duk da cewa ita ma takan yi amfani da zane da wasa ga ƙanana. Haka nan a 2007 an wallafa wani bincike da aka yi da matasa 314 masu shekara 14 zuwa 17 a sansanonin 'yan gudun hijira kusa da Gulu a arewacin Yuganda. Waɗanda aka tara ana yi musu wasanni kawai ba su sami raguwar baƙin ciki ba, alhali zaman tattaunawa cikin rukuni ya yi amfani, musamman ga 'yan mata. Darasin a fili yake: tara yara a fili a ba su ƙwallo abu ne mai kyau, amma shi kaɗai bai zama jinya ba, kuma wanda ya balaga ya fi bukatar mai saurarensa. Lenore Terr ma ta yi gargaɗi cewa wasan da yaro ke maimaitawa shi kaɗai, fuska a murtuke, kullum ƙarshensa ɗaya, ba ya kawo sauƙi, alama ce ta cewa yana bukatar taimako.

Mun san wani ɗan'uwa zai ce, ai wannan ilmin Turawa ne, kuma waɗanda suka fara shi almajiran Sigmund Freud ne, mutumin da ya ɗauki addini a matsayin ruɗu. Wannan damuwa tana kan hanya, kuma ba mu muka fara ta ba. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan ya rubuta littafi sukutum a 1979 yana jan kunnen masana halayyar ɗan Adam Musulmi game da bin Freud ido rufe. Amma shi ɗin ne dai ya ƙarar da rayuwarsa yana jinyar masu ciwon zuciya da hanyoyin da gwaji ya tabbatar, kuma ya fito wa duniya da aikin Abu Zaid Al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, wanda ya yi rubutu a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi da maganinsu sama da shekara dubu da suka wuce. Aƙidar mutum daban, abin da gwaji ya tabbatar daban. Manzon Allah (S.A.W.) ya karɓi shawarar haƙa ganuwa daga Salmanul Farisi (R.A.) alhali dabarar yaƙin Farisawa ce. Muna watsi da aƙidar Freud, muna kuma ɗaukar abin da ya amfani 'ya'yanmu matuƙar bai saɓa wa Shari'a ba. Ruƙiyya ta Shari'a da addu'o'in safe da yamma suna nan daram, kuma ba su taɓa hana Musulmi neman magani ba.

Hasali ma, wanda ya karanta Sunnah da idon basira zai tarar cewa mu ne muka yi sakaci da gadonmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik (R.A.), yaro ƙarami mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. A wasu ruwayoyin an bayyana cewa tsuntsun ya mutu, Annabi (S.A.W.) ya shigo ya tarar da yaron cikin baƙin ciki, ya tambayi dalili, sa'an nan ya kira shi da alkunya kamar babban mutum, ya tambaye shi labarin tsuntsunsa cikin raha. Shugaban al'umma guda, mai ɗauke da nauyin wahayi da yaƙi da hukunci, bai raina baƙin cikin yaro a kan tsuntsu ba, kuma ta ƙofar abin wasansa ya shiga zuciyarsa. Hafiz Ibn Hajar ya ambata a Fathul Bari cewa Ibnul Ƙass ya fitar da fa'idoji 60 daga wannan hadisi kaɗai.

Nasa'i ya ruwaito yadda ɗaya daga cikin jikokinsa ya hau bayansa yana sujada, sai ya tsawaita sujadar har sahabbai suka zaci wani abu ya faru, bayan sallama ya bayyana musu cewa bai so ya gaggauta wa yaron ba har sai ya gama. Abu Dawud ya ruwaito yadda ya ga kayan wasan Nana A'isha (R.A.), cikinsu da doki mai fukafukai, ya tambaye ta, ya saurari amsarta, ya yi dariya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz (R.A.) ta ba da labarin yadda matan sahabbai ke yi wa 'ya'yansu abin wasa da ulu domin ɗauke musu hankali ranar azumin Ashura. A cikin Suratu Yusuf ma, da 'yan'uwan Annabi Yusuf (A.S.) suka nemi a bar shi ya bi su ya yi wasa, mahaifinsu bai ƙi wasan ba, kerkeci ya ji masa tsoro. Daga hadisin Nana A'isha ne jamhurin malamai suka togace 'yartsanar yara daga hanin da aka yi game da mutum-mutumi, saboda haka kada wani uba ya ƙone wa 'yarsa 'yartsanar ƙyalle da sunan kishin Sunnah. Imam Al-Ghazali kuma ya yi gargaɗi cewa hana yaro wasa da matsa masa da karatu ba hutawa yana kashe zuciyarsa, ya dushe kaifin basirarsa.

Idan mun fahimci wannan, sai mu koma ga aiki. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga al'umma sama da miliyan 200, kuma masu ƙwarewa a kan yara a cikinsu ƙalilan ne. Jiran ƙwararre ga kowane yaro kamar jiran gawon shanu ne. Abin da muke da shi a yalwace shi ne iyaye mata da malamai da 'yan agaji da azuzuwa, kuma bincike ya nuna cewa hannun iyaye ne ya fi tasiri.

Saboda haka muna kira ga iyaye, maza da mata, da kowa ya keɓe wa ɗansa mai irin wannan damuwa rabin awa a mako, lokacin da ba aike, ba faɗa, ba waya a hannu. Ba sai an sayo kayan kanti ba, domin yumɓu da kara da gwangwani da tsumma da yashi sun wadatar. Idan ka ga ɗanka ya sassaƙa bindigar kara yana wasan ɓarayin daji, ya kai ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar mari. Zauna ka kalla, wataƙila labarin da ya kasa ba ka ne yake ba ka. Ubanni musamman su sani cewa zama a tabarma da yaro ba ya rage girma, domin wanda ya fi mu girma duka ya yi.

Muna kira ga shugabannin makarantunmu da su ajiye bulala ga yaron da aka san ya fito daga garin da aka kai wa hari, su sanya hutun wasa a tsarin karatu, su kuma rubuta sunayen irin waɗannan yara domin a riƙa lura da su. Muna kira ga kwamitocin ilmi da na agaji da sashen mata a kowane reshe da su nemi likitoci da ma'aikatan jinya da masana halayyar ɗan Adam da ke cikin 'yan'uwa, su shirya wa malamai da iyaye bita. Kada kuma wanda ya halarci bitar kwana biyu ya ɗauki kansa likita. Yaron da ya daina magana ko cin abinci, ko yake ambaton kashe kansa, ko aka yi wa fyaɗe, ko halinsa ke ta ƙara muni, a gaggauta kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Ga hukumomi kuwa, muna tunatar da su cewa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba za ta amfani kowa ba muddin ana sallamar yaran da aka ceto ba tare da tanadin mai bibiyar halin zukatansu ba.

Ya 'yan'uwa, waɗannan yara su ne limamai da malamai da iyayen gobe. Wanda aka bari da tsoro da fushi a cikinsa har ya girma, ba mu san hannun wanda zai faɗa ba, kuma mun riga mun ga yadda masu ɓarna ke farautar irinsu. Za a tambaye mu game da su ranar da dukiya da 'ya'ya ba su amfani.

Muna roƙon Allah Ya warkar da zukatan 'ya'yanmu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu cikin aminci, Ya sanya tausayi a zukatanmu irin wanda Manzonsa (S.A.W.) ya koyar.